DAGA JAKAR WASIƘUNKU: Shin Digiri Na Biyu A Kimiyyar Lafiya Yana Mai Da Mutum Likita?

 A wannan mako jakarmu ta zo da wasiƙu uku da suka haɗu a kan magana ɗaya, wato karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar lafiya, wanda 'yan boko ke kira mastas a bayomedikal. Ga amsoshin nan a rubuce kamar yadda muka gabatar a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi, ko wanda yake so a sake karanta masa a natse.

WASIƘA TA FARKO

Wani manomi daga yankin Funtuwa ya ce ɗansa ya gama digirin farko a fannin fisiyoloji, ya kuma gama bautar ƙasa. Tun farko likitanci yaron ya nema, bai samu gurbi ba. Yanzu ya zo da maganar wani karatun shekara ɗaya a Amurka, wanda ya ce hanyar zama likita ce, yana so a sayar da fadama da shanun huɗa a biya masa. Malam yana tambaya, in yaron ya gama wannan karatu ya zama likita kenan?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, matambayi dai ba ya ɓata. Amsarka a taƙaice ita ce a'a. Wannan digiri ba ya ba mutum lasisin duba maras lafiya, ko rubuta magani, ko yin tiyata, a Amurka ko a Nijeriya. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, akwai karatun, kuma ana yinsa ne da niyyar shiga makarantar likita. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bari mu warware maka yadda abin yake.

A Nijeriya yaro yakan shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara 6. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Dole sai mutum ya fara yin digirin farko na shekara 4, ya rubuta wata doguwar jarrabawa mai suna MCAT wadda ke cin fiye da awa 7 a zama ɗaya, sannan ya nemi makarantar likita. In an ɗauke shi sai ya yi wasu shekaru 4. Bayan nan kuma akwai horo a asibiti na shekara 3 zuwa 7, gwargwadon fannin da ya zaɓa.

Ƙofar kuwa ƙarama ce. A shekarar 2023 mutum fiye da dubu 52 ne suka nemi shiga makarantun da ke ba da digirin likita na MD a Amurka, waɗanda suka shiga kuwa kimanin dubu 23 ne. Ka ga fiye da rabi sun koma gida hannu rabbana. Da yawa daga cikinsu ba daƙiƙai ba ne, makin digirinsu na farko ne ya gaza, ko kuwa na jarrabawar.

Domin irin waɗannan ne jami'o'i suka ƙirƙiro wannan digiri na biyu, a matsayin gada. Jami'ar Jojtawun da ke birnin Washinton ta buɗe nata tun 1975, Jami'ar Boston ma tana da nata, haka wasu jami'o'i da dama. Akasari shekara ɗaya ne, wasu biyu. Abin da ake koyarwa shi ne tushen aikin likita: ƙirar jikin ɗan Adam, yadda zuciya da huhu da ƙoda da hanta ke aiki, sinadaran da ke cikin jini, ƙwayoyin cuta, garkuwar jiki, da yadda magani ke aiki in an sha shi. A Jojtawun ɗalibin yakan ɗauki wasu darussa iri ɗaya da na ɗaliban likita 'yan ajin farko, a auna makinsa da nasu.

Hikimar abin, Malam, kamar yadda kake gwada sa a garma ne kafin ka biya kuɗinsa. Makarantar likita tana so ta gani ko wannan ɗalibi zai iya jan nauyin karatun. In ya ci da kyau, ya samu shaidar da zai nuna. Wasu jami'o'in sukan yi wa wanda ya kai wani maki alkawarin kiransa ganawa, amma kira ganawa daban, ba da gurbi daban. In kuwa ya faɗi, to sakamakon nan zai bi shi duk inda ya nema, ya zama ya kashe kuɗi ya ƙara toshe wa kansa hanya. Masu neman likitancin haƙori ko na dabbobi su ma sukan bi ta irin wannan gada.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa ga ɗan Nijeriya. An gina wannan gada ne musamman domin 'yan ƙasar Amurka da masu takardar zama ta dindindin. Mafi yawan makarantun likita na can ba sa karɓar baƙo sam. Baƙin da ke samun shiga a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a faɗin ƙasar. Yawancin makarantun kuma suna so darussan share fage ya zama a Amurka ko Kanada aka yi su. Bashin karatu da gwamnatin tarayyar Amurka ke bayarwa ba a ba baƙo. Akwai ma makarantun da ke cewa baƙo ya ajiye kuɗin shekaru da dama a banki, wasu har na shekara 4 cur, kafin ya sa ƙafa a aji.

Batun kuɗi kuwa, a manyan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin wannan digiri na shekara ɗaya yakan kai dala dubu 50 ko fiye, ban da haya da abinci da kuɗin jirgi da inshorar lafiya. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. In ka buga lissafi da wannan farashi, dala dubu 50 ta kama naira miliyan 75. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a wannan shekarar naira dubu 70 ne a wata, wato sai mai irin wannan albashi ya yi kusan shekara 90 yana tarawa bai ci ko sisi ba. Wannan fa kuɗin gadar ne kawai. Makarantar likitan kanta, in an samu, kowace shekara tana cin kwatankwacin haka ko fiye, har shekara 4.

Kada a rikita wannan da wani digiri na biyu da ake yi a Amurka na mataimakin likita, wanda aka fara horon masu yinsa a Jami'ar Duk a 1965. Shi wannan yana kai mutum ga lasisin duba marasa lafiya tare da likita, amma karatu ne daban, mai sharuɗɗansa daban, yakan ci fiye da shekara 2. Saboda haka a duba sunan takardar da kyau, sunaye suna kama da juna.

To ina mafita? In yaron likitanci yake so ba ja da baya, akwai hanya a gida. Wasu jami'o'in Nijeriya sukan karɓi mai digirin farko a fannin da ya danganci lafiya, in sakamakonsa mai kyau ne, ta hanyar shiga kai tsaye ta hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu na karatun MBBS. Zai yi shekara 5, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, wato MDCN, ta yi masa cikakkiyar rajista. Guraben kaɗan ne, domin hukumar ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, amma ba a buƙatar digiri na biyu kafin a nema. Kuma ka ji wani abu: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka, a wata ƙasa suka yi makarantar likita, daga baya suka rubuta jarrabawar lasisi ta Amurka mai suna USMLE. Wato ko Amurkan yake hange, hanyar da baƙi suka fi bi ita ce su fara zama likitoci a ƙasarsu.

Shawararmu, Malam, kada ka taɓa fadamar nan a kan wannan magana kamar yadda take yanzu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, ko an yi dubu ba a fita. Fadama ta gidan gaba ɗaya ce, har da ƙannensa. Kada kuma ka kashe masa gwiwa, ku zauna ku duba hanyar gida tare.

WASIƘA TA BIYU

Wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya ce 'yarsa ta karanta bayokemistiri, tana so ta ƙaro digiri na biyu a nan gida. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya zuba jari sai ya san ribar. In ba za ta zama likita ba, mene ne amfanin karatun?

Alhaji, tambayarka ta ɗan kasuwa ce, bari mu amsa maka da misalai. A Nijeriya da Nijar da Gana, digiri na biyu a irin wannan fanni ba gadar shiga likitanci ba ne kamar na Amurka. Horo ne na bincike da koyarwa. Yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu: kashi na farko a aji, kashi na biyu a ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibi zai ɗauki matsala guda ya bincike ta ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

Aikin irin waɗannan mutane ba a ganinsa a fili, amma ya sha ceton ƙauyuka. A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, suna amai suna suma suna taune-taune. Alamun sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. Sai da aka gwada jinin yaran sannan aka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake daka wa da niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Bayan gwajin ne aka san a kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Likita yana gefen gado, amma amsar daga ɗakin gwaji ta fito.

Ga kuma sanƙarau. Ƙwayar cutar iri-iri ce, ana bambanta su da haruffa. Nau'in A shi ne ya fi addabar yankinmu shekara da shekaru, har aka fito da rigakafinsa, aka fara yi a Nijar a 2010, a Nijeriya a 2011. Nau'in A ya ja baya ƙwarai. Sai ga annoba a Nijar a 2015, ga wata a arewacin Nijeriya a 2017 wadda ta ci rayuka fiye da 1,000. Da ido ba za ka bambanta ba, wuya ne ya sanƙare, zazzaɓi ne ya yi zafi. Masu gwajin ruwan da ake ja daga ƙashin baya ne suka nuna cewa wannan karon nau'in C ne, wanda waccan allura ba ta karewa. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 a lokaci guda. Haka batun shan inna: a ɗakunan gwaji na Ibadan da Maiduguri aka yi ta duba kashin yaran da ƙafarsu ta saki, shekara bayan shekara, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

Wuraren aiki kuwa akwai jami'o'i da kwalejojin kiwon lafiya, inda ake neman digiri na biyu ga mai son ci gaba a aikin koyarwa. Akwai cibiyoyin bincike, kamar Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Yaba a Legas, da cibiyar binciken cutar sammore da ciwon barci da ke Kaduna, da ta binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda makiyaya suka san alluranta. Akwai hukumar NCDC mai yaƙi da annoba, da NAFDAC mai gwada abinci da magunguna, da kamfanonin magani da na abinci. Kai kanka Alhaji, gubar nan da ke fitowa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi, wadda ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, wadda kuma ke sa a ƙi sayen kaya a ƙasashen waje, aikin masu irin karatun 'yarka ne gwada ta.

Wurin karatu ma akwai shi kusa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, duk suna ba da digiri na biyu a sassan kimiyyar lafiya. Daga 2014 Bankin Duniya ya tallafa aka kafa wasu cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka ta Yamma. Ɗaya tana Zariya, tana aiki a kan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wata tana Jami'ar Gana. Wata kuma tana garin Ede a jihar Osun, a ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, inda a watan Maris na 2020, tare da abokan aikinsu na Legas, aka karanta tsarin halittar ƙwayar korona a karon farko a Afirka.

Amma ga gaskiyar ciniki. Takardar kaɗai ba ta kawo aiki, guraben gwamnati ba su da yawa, albashin farko kuma ba zai burge ɗan kasuwa ba. Wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya fito da sana'a a hannunsa, ya iya aiki da na'urori, ya iya lissafin sakamako a kwamfuta, ya iya rubuta rahoto. Saboda haka kafin ta cike fom, ta je sashen da ƙafarta. Ta ga ɗakin gwajin, ta tambaya ko na'urorin suna aiki, ko akwai wuta, wane malami ne zai duba aikinta, kuma ɗaliban da suka riga ta shekara nawa suka yi kafin su fita. Ta kuma sa kuɗin kayan bincike a lissafi, domin sau da yawa ɗalibi ne ke saye daga aljihunsa, wani lokaci har ya fi kuɗin makaranta.

Abu ɗaya da ya kamata ta sani tun yanzu: in burinta ta yi aikin gwajin jinin marasa lafiya a asibiti ko ta buɗe ɗakin gwaji nata, wannan sana'a ce mai hukumarta. Dokar 2003 ta kafa hukumar MLSCN, ita ke yi wa masu wannan aiki rajista. Hanyar da aka sani ita ce digirin BMLS na shekara 5 da horon shekara ɗaya. Digiri na biyu a bayokemistiri ba ya maye gurbin wannan rajista.

WASIƘA TA UKU

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Maraɗi ta ce a wani gari da take zuwa fatauci akwai wanda ake kira Dakta, an ce ya yi digiri biyu ko uku a kimiyyar lafiya, yana duba mutane yana ba su magani a shago. Tana tambaya, ta yaya talaka zai bambanta? Ta ƙara da cewa wani dillali ya ce zai samo wa ɗanta irin wannan karatu a Ingila in ta ba da kafin alƙalami.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kalmar Dakta tana hawa kan mutum biyu. Akwai likitan asibiti. Akwai kuma wanda ya yi digiri na uku, ko a tarihi ne ko a aikin gona ko a kimiyyar lafiya, shi ma Dakta ake ce masa don girmama iliminsa. Na biyun yana iya fin likita sanin ƙwayar cuta a ƙarƙashin madubin gwaji, amma ba a horar da shi a gefen gadon maras lafiya ba, doka kuma ba ta ba shi izinin rubuta magani ba. Abin dubawa shi ne rajista da lasisin aiki, ba yawan digiri ba. A Nijeriya MDCN ke bayarwa, a Nijar kuma akwai majalisar likitoci ta ƙasa da ke rajistar su. Ba rashin kunya ba ne ki nemi ganin takardar, kuma likitan ƙwarai ba ya fushi da wannan.

A Nijar, tsarin jami'a shi ne digirin farko shekara 3, na biyu shekara 2, sannan na uku. Karatun likita yana da nasa layin, kamar a sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Masu bincike kuwa akwai su a cibiyar CERMES a nan Yamai, wadda ke gwada samfurin sanƙarau na ƙasar.

Game da Ingila, digiri na biyu a wannan fanni yawanci shekara ɗaya ne, shi ma ba ya mai da mutum likita. Ko aikin gwaji a asibitocinsu, sunan sana'ar doka ta kare shi, sai wanda hukumar HCPC ta yi wa rajista, kuma takardar mastas ita kaɗai ba ta isa rajistar ba. Daga watan Janairu na 2024 kuma aka hana masu irin wannan karatu na aji tafiya da mata da 'ya'ya.

Batun dillali, kada ki yi cinikin biri a sama. Ɗalibi yana iya neman jami'a da kansa ta intanet, kuɗin makaranta kuma asusun jami'a ake biya, ba asusun wani mutum ba. Tallafin karatu na gaskiya, irin su Chevening na gwamnatin Birtaniya ko DAAD na Jamus, ba a sayensa, gasa ake yi. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya saya wa ɗanki sukolashif, ki riƙe jakarki da kyau.

KAFIN A KWANCE LALITA

Ga dukkan iyayen da 'ya'yansu suka zo musu da maganar irin wannan karatu, ko da ba ku yi boko ba, ga tambayoyi biyar da za ku iya yi:

1. In ka gama, wane aiki takardar za ta ba ka izinin yi, kuma wace hukuma ce za ta yi maka rajista?

2. In gada ce zuwa wani karatun, shekara nawa ya rage a gaba, nawa ne kuɗinsa, wa zai biya?

3. Makarantar da kake hange tana karɓar 'yan ƙasarmu? A nuna a rubuce daga makarantar kanta.

4. Cikin waɗanda suka gama a bara, musamman baƙi, nawa suka samu abin da suka je nema?

5. In ba a samu ba, me za ka yi da takardar?

Sannan a ɗauki amsoshin a kai wa wani likita ko malamin jami'a da aka amince da shi, wanda ba shi da ko kwabo a cikin cinikin, ya duba. Yaron da ya yi bincikensa da gaske zai amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba.

Jama'a, a nan za mu ɗaure bakin jakar ta wannan mako. Waɗanda ba su ji tasu wasiƙar ba su ƙara haƙuri, tana kan layi. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, a rubuta su a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.